Gidan da yaro zai shiga ya taɓa komai: ku ba mu shawara kafin mu fara gyara

Maman_Ilham
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Shawara na zo nema, don Allah duk mai abin faɗa ya faɗa ko da ba zai mana daɗi ba. Akwai gidan kakarmu a cikin birni nan Kano, Allah ya yi mata rasuwa, magada suka zauna aka yarda ba za a sayar ba, a bar shi waƙafi ladan ya riƙa isa gare ta. Da farko islamiyya aka ce to unguwar islamiyyu sun wadata, shine na kawo shawarar a yi gidan tarihi na yara, irin wanda yaro zai shiga ya taɓa komai ya ɗauka ya juya ya hau ya sauka, ba wanda kaya ke cikin gilashi ana cewa kul ka taɓa ba. Daga masu rarrafe zuwa 'yan shekara 8 muke nufi.

Ni malamar ƙananan yara ce kuma abin da nake gani kullum shi ya dame ni, yaro ɗan shekara 3 an danƙa masa fensir ya cika shafi da harafi ɗaya alhali ko cokali bai gama iya riƙewa ba, an tashi iyaye na tambaya ina aikin gida, ya koma gida a miƙa masa waya don ya yi shiru. Gidan na ƙasa ne, akwai zaure da soro da ɗakuna biyar da tsakar gida mai faɗi, da darbejiya babba da rijiya. Kuɗinmu ba yawa. Me za mu sa a ciki, da me za mu fara, kuma me kuke ganin zai kashe abin tun bai je ko'ina ba?

Ummu_Sudais
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya ya sa ta huta, ya kai ladan kabarinta. Wallahi ina karantawa ina jin daɗi, da yarana zan fara yi muku layi

Abba_Fagge
Allah ya jikanta da rahama. Anti ni dai gaskiya zan fada miki, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito bai karya ba me zai yi da dakin wasa? ki leka bakin kowane masallaci ki ga almajirai yan shekara biyar shida da robar bara a hannu. Wannan gidan in an bude yaran masu hali ne za a rika saukewa a mota, na unguwar suna leke ta kofa. A ganina ko gidan marayu ko wajen dafa abinci yafi lada

Nas_Zulai
Abba maganarka tana kan hanya ba wanda zai musa yunwa, ni a ɗakin yara masu tamowa nake aiki ina ganinta da idona. Amma ka san ko a wajenmu bayan madarar magani da gyaɗar nan ta leda ana so uwa ta riƙa yi wa yaron wasa tana masa magana? yana cikin jinyar. Akwai binciken da aka fara a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1986 a kan yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya na zuwa gidansu sau ɗaya a sati tsawon shekara 2 tana nuna wa uwar yadda za ta yi wasa da ɗanta, kuma kayan wasan duk na gida ne aka haɗa da robobi da ƙyallaye. Da aka bibiye su bayan shekara 20 waɗanda aka yi wa wasan abin da suke samu a sana'a ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Ban ce a bar ciyarwa ba, Allah ya kiyaye. Ina nufin ɗan talakan da kake magana a kai shi ya fi kowa buƙatar irin wannan wajen, ɗan mai kuɗi yana da ɗaki guda na kayan wasa a gidansu.

Abba_Fagge
To Nas in har dan talakan zai shiga na yarda. Amma nawa ne kudin shiga, nan ne maganar take

Bashir_Leeds
Salam. Yaya Maman Ilham ni na ga irinsa a nan Ingila, akwai wani a garin Halifax ba nisa da mu sunansa Eureka, tun 1992 aka buɗe shi, na yara ne daga jarirai zuwa 'yan shekara 11. A ciki an yi ƙaramin gari, ga kanti ga banki ga garejin gyaran mota ga gida da kicin, komai daidai tsawon yaro. 'Yata da muka je ta shiga kantin nan ta ɗau kwando tana loda kaya tana kai wa wani yaro bature da ya tsaya a kan kanta, ba su san juna ba ko sunan juna ba su tambaya ba amma ciniki ya kankama, da ƙyar muka fito da ita. Kuma tikitinsu in ka saya sau ɗaya yana zama na shekara guda, don sun san yaro sai ya yi ta maimaita abu kafin ya ƙoshi da shi. Shawarata kar ki kwafo nasu, ki yi ƙaramar Kurmi. Mudu, tiya, sikeli, buhunan gero da wake, faifai, kuɗin takarda na wasa. Yaron da ya auna mudu huɗu ya juye a kwano ya fara lissafi ba tare da an zaunar da shi ba.

Malama_Hauwa_BUK
Ƙarin bayani kan abin da Bashir ya kawo, tunda fannin da nake karantarwa ne. Abin ya daɗe, na farko a duniya a Brooklyn ta Amurka aka buɗe shi a 1899, na Boston ya biyo baya a 1913. Amma su ma da farko kallo ne, tsuntsaye da duwatsu a cikin akwati. Sai da Michael Spock ya karɓi shugabancin na Boston a 1962 sannan aka kawar da allunan hana taɓawa, ya sa aka tsaga kayan amfanin gida biyu don yara su ga abin da ke cikinsu su sa hannu. Dalilin kuwa shi ne a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sabbin hanyoyi sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, masu bincike na jami'ar Harvard ke faɗin haka, kuma abin da ya fi ƙarfafa su shi ne amsa-amsa tsakanin yaro da babba. Jariri ya yi gwaranci ki amsa masa, ya nuna kaza da yatsa ki ce eh kaza ce, ga 'ya'yanta can, ya miƙo miki murfin kwano ki karɓa ki mayar masa. Saboda haka Hajiya ki tsara gidan da uwa a ranki ba yaro kaɗai ba. Idan aka jera kujeru a zaure iyaye suka zauna suna danna waya yara na ciki to an yi rabin aiki. A shimfiɗa tabarmi a cikin ɗakunan, babba ya zauna ƙasa kusa da ɗansa.

Dattijo_Gwale
Ƴaƴana sannunku. Jikana ne ya nuna mani wannan magana na ce sai na sa baki. Duk abin nan da Malama ta zayyana mu a dandali muka same shi kyauta. Da an yi isha'i farin wata ya fito maza na langa da a sha ruwan tsuntsaye, mata na gaɗa, da rana kuma carafke da 'yar gala-gala. Motar kara da hannunmu muke yi, ka samo karan dawa ka ɓare bayansa ka yanka totuwar, ka soke da siraran ɓawon, ƙafafun kuma a fafe su daga fasasshiyar ƙwarya, yini guda kana abu ɗaya ba wanda ya sa ka. Wanda tasa ta karye ya sake. Yanzu filin da muke wasan duk an yanka an yi shaguna, lungu kuma babur ba ya barin yaro ya tsaya. Ƴata in kin buɗe ki ware wa tsofaffi rana, mu zo mu koya masu da hannu, kuma ki nemo tsohuwa mai tatsuniya ta zauna a soron nan ta ce ga ta nan ga ta nanku. Ba sai an biya ni ba.

Maman_Ilham
Baba Allah ya ƙara girma da lafiya, wallahi ka sa ni ƙwalla, Hajiyarmu a soron nan take mana Gizo da Ƙoƙi. Mun karɓa hannu bibbiyu.

Sadiq_Tech
Duk da haka a tafi da zamani fa. ko daki daya ne a sa tablet kamar goma da babban allo da intanet, yaran yanzu da shi zasuyi gogayya da na sauran duniya, ba da motar kara ba. ina girmama Baba amma gaskiya kenan

Nas_Zulai
Sadiq ba ga 'yan wannan shekarun ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019, ɗan ƙasa da shekara 2 ba a so a zaunar da shi gaban allo sam, ɗan 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a yini, kuma ana so ya samu aƙalla minti 180 yana motsa jiki. Allon ai yana gida yana jiransu, abin da suka rasa shi ne wajen gudu.

Ummu_Sudais
Hmm maganar waya kam a bar ta. Nawa ɗan shekara biyu da rabi ya iya wuce talla a YouTube da ɗan yatsansa amma kalmominsa ba su fi a ƙirga ba, sai da muka ɗauke wayar gaba ɗaya aka sha kuka kamar me, yanzu alhamdulillah bakin ya fara buɗewa. Kuma ba wai ban damu da shi ba ne, aiki ne ya yi mini yawa ga girki ga wanki ga goyo, ita ce kawai ke sa shi zama

Sadiq_Tech
to na ji na kananan, amma yan 7 da 8 fa? ko a basu batir da wayar wuta da karamin kwan fitila su hada da kansu su ga ya kama, da tsohuwar rediyo su kwance. wannan ai ba kallo bane

Malama_Hauwa_BUK
Wannan kam na goyi bayanka ɗari bisa ɗari Sadiq, shi ne ainihin abin da Spock ya yi. Ɗakin manyan ya zama na kwance-kwance da haɗe-haɗe.

Issoufou_Damagaram
Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina gaida ku daga Zinder. Hajiya in kin samu hali ki zo Yamai ki ga gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, tun 1959 yake. Abin da ya sa yara ke son shi, ba ɗakunan kaya kaɗai ba ne, akwai namun daji a ciki, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono cikin hamadar Agadas, akwai ragowar iccen Tenere da mota ta kaɗe a 1973, kuma ga masu sana'a zaune suna aikinsu a gabanka, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa. Sanda mushenmu na lakwal, wato malaminmu na makaranta, ya kai mu ni gaban masaƙi na tsaya na ƙi tafiya, ina kallon ƙafarsa na taka abin hannunsa na jefa ƙoshiya. Ku kuna da marinar Ƙofar Mata a kusa, ku roƙi marini guda ya riƙa zuwa da ɗan baho na baba, kowane yaro ya ƙulle ƙyallensa da zare ya tsoma ya ga yadda yake fitowa kore iska ta buge shi ya koma shuɗi. Har ya tsufa ba ya mance wannan.

Bashir_Leeds
Issoufou wai gaskiya ne akwai wata dabbar da aka sa wa sunan Nijar?

Issoufou_Damagaram
Ƙwarai, Nigersaurus, a Gadoufaoua aka samo ta, haƙoranta sun kai wajen 500 kuma ciyawa take ci. Ku binne ƙasusuwan roba ko na katako cikin yashi ku ba yara buroshi su tono, za ku ga aiki

Injiniya_Kabir
Kowa na ta zuba kaya a ɗaki ba wanda ya yi maganar ginin. Hajiya abu na farko kafin ki sayi ko tabarma ɗaya, rijiyar nan. A zuba mata murfin kankare mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, mukullin a hannun mutum ɗaya. Na biyu a samo magini na gargajiya ya hau ya duba azara ko gara ta ci, ya duba indararo, don gidan ƙasa da aka bar shi ba kowa damina ɗaya ke lalata shi. Kar a yarda wani ya ce a rushe a yi bulo, katangar ƙasa mai kauri ita za ta cece ku a watan Afrilu lokacin da zafi ke kai 40, ba ku da kuɗin janareto da na'urar sanyaya ɗaki. Sola ƙarama ta fanka da famfo ta isa. Ƙofar fita ta zama biyu. Banɗaki a yi na yara mai ƙaramin rami da wajen wanke hannu daidai tsawonsu, da inda uwa za ta shayar ta canza wa jariri. Wajen wasan ruwa da yashi a yi shi ƙarƙashin darbejiyar, yashin kuma a rufe shi da dare saboda kyanwoyi.

Nas_Zulai
Na gode Injiniya. In ƙara, ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana iya halaka mai rarrafe in ya kifa a ciki, to bahon ruwan a ɗora shi a kan tebur kuma a zubar in an tashi. Kuma Bashir waken nan da geron da ka ce, ba a ɗakin 'yan ƙasa da shekara 3 ba, mun sha ciro wake daga hanci da kunne. Duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba zai iya maƙale musu a wuya. Ƙananan batiran nan masu kama da maɓalli kar su shigo gidan ma sam Sadiq, a yi amfani da manya. Fenti kuma a tabbatar ba mai dalma ba ne, ba mu manta yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba, can daga dutsen zinariya ne amma gubar ɗaya ce kuma yaro komai baki yake kaiwa.

Abu_Hanifa
Tambaya gareni ga malamai, gida ne na wakafi kuma naji ana maganar yar tsana da gada da kasusuwan dabbobi. ya halatta kuwa? kada a je neman lada a kwaso wani abu

Malam_Nura
Tambaya mai kyau. Ya tabbata a Bukhari Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda tana wasa da 'yan tsana ita da ƙawayenta a gidan Annabi SAW, a ruwayar Abu Dawud ma har da doki mai fukafukai a cikinsu, ya tambaye ta ta ba shi amsa ya yi dariya. Kuma ya taɓa tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa bai so ya katse masa ba. Waƙoƙin gaɗa dai a tace, wasu na 'yan mata ne da suka tasa ba na ƙanana ba. A kuma rubuta takardar waƙafin a gaban shaidu a fayyace abin da aka tsayar da gidan a kai, saboda 'yan baya.

Maman_Walid
Ina ta jira in ga ko wani zai ambata ba wanda ya yi. Ɗana shekararsa 6 ba ya tafiya, a keke nake tura shi, kuma duk wajen wasan da muka taɓa zuwa a bakin ƙofa muke ƙarewa saboda matakala, ko mu shiga ya zama shi ne abin kallo. Wani wajen ma mai karɓar kuɗin ce mini ya yi Hajiya me zai yi a ciki. Gidajen cikin birni kun san dokin ƙofa da ƙuncin zaure. Don Allah Injiniya a yi gangara, a faɗaɗa ƙofa ɗaya, teburin yashin a ɗaga shi yadda keke zai shiga ƙarƙashi. A bar ɗaki ɗaya shiru ba hayaniya don akwai yaran da ƙara ke firgita su. Walid yana son wasa kamar ɗan kowa, in ka ba shi laka sai ka ƙwace da ƙarfi.

Injiniya_Kabir
In sha Allah Maman Walid, gangarar ba ta da tsada in an sa ta tun farko. Zan so ma ki zo da shi ranar awo mu gwada da kekensa.

Abba_Fagge
Har yanzu dai ba a amsa min ba. kudin shiga. sannan wa zai biya masu kula da yaran? don kayan wasa a wata uku sun karye, masu aikin sa kai kuma in aure ko aiki ya zo sun tafi

Hajiya_Sakkwato
Abba ya yi gaskiya ga wanga batu. Ni na riƙe makaranta, ba gini ka kashe waje ba, albashi ne da gyara. Ku lissafa kuɗin shekara guda na ma'aikata ku aje gefe tun ba ku buɗe ba. Makarantun kuɗi su riƙa kawo ɗiyansu da safe suna biya, da marece da ranar Alhamis a bar ma ɗiyan unguwa da almajirai kyauta tunda ranar ba su da karatu. Kuma ku je ku gaida alarammomin da mai unguwa da kanku tun yanzu, in ba su yarda ba yaro ko ɗaya ba ya zuwa.

Malama_Hauwa_BUK
Ɗalibanmu masu karantar ilimin ƙananan yara suna neman wajen koyon aiki, ana iya tattaunawa, amma dole a samu ma'aikata tsayayyu ko biyu ne da za a horar. Horon ma mai wuya ne don an saba babba shi ke faɗa yaro na bi, a nan kuwa so ake yaro ya gina hasumiyarsa ta rushe babba ya danne zuciyarsa bai gyara masa ba, sai dai ya ce to yanzu ya za mu yi. Kuma ba bulala ko tsawa. Abin da ban yarda da shi ba a maganar Hajiya shi ne raba lokaci, na masu biya daban na kyauta daban. Yara suna lura da irin wannan tun suna ƙanana.

Hajiya_Sakkwato
Malama na ji ki, amma in an haɗa su iyayen masu biyan za su janye, na gani da idona, sannan a rasa na albashin gaba ɗaya

Abba_Fagge
to kun gani, inda nake tsoro kenan tun farko

Maman_Ilham
Jama'a Allah ya saka da alheri, na kwafe komai a littafi zan kai zaman 'yan uwa. Yadda nake gani yanzu ba za mu buɗe ɗakuna biyar lokaci guda ba, rijiya da azara da gangara tukuna, sannan tsakar gida da ɗaki biyu, na masu rarrafe da na kasuwa, mu kira yaran lungunmu su shiga mu zauna mu ga inda suka fi tsayawa kafin mu kashe kuɗi a sauran. Maganar raba lokaci kuwa gaskiya zuciyata tana wajen Malama amma lissafin yana wajen Hajiya, ban san yadda za mu ɓullo mata ba. Ko akwai wanda ya san inda aka haɗa su ya yiwu?

Ummu_Sudais
Anti ko a gwada ranar Asabar ta zama ta kowa da kowa a gani? sannan masu goyo fa, in na zo da Sudais da jaririya a baya akwai mai riƙe min ita ko ni zan raba hankalina biyu

Injiniya_Kabir
Hajiya ki turo min faɗin zauren da na ƙofar soron ta akwatin saƙo, in ba ki da tef ko da taku ne a auna. Kuma kafin mu zo a sa wani ya ɗora faranti mai nauyi a bakin rijiyar, tunda yaran lungu sun ji labari za su fara leƙowa.